Ruwan Ciyawa da Ƙasar Challawa

Ni matsoraci ne, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. A ƙauyenmu, can gabas da Maraɗi, in kare ya yi haushi a bakin rijiya ni nake fara isa gida. To irin wannan mutumin aka ba jaka da ƙaramin cokalin haƙa a Kano, aka ce ya bi gindin katangun kamfanoni yana tonon ƙasa, a daidai daminar da aka rufe iyaka tsakanin ƙasata Nijar da Najeriya bayan juyin mulkin sojoji.

Digiri na biyu ya kawo ni. Shekarar farko ta karatun aji ta wuce lafiya, ina zaune a ɗakin ɗalibai ba ruwana da kowa. Ina shirin fara bincike sai aka rufe hanya. Daga ranar na zama mutumin da ba zai iya komawa gida ba, kuma ba shi da wata hujjar zama sai katin makaranta da ke aljihun gabansa. Ina taɓa katin nan a rana ya fi sau ashirin.

Malamar da ke duba aikina, Dakta Binta, gajeruwar mace ce da ba ta ɗaga murya, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ranar farko a ɗakin gwaji ta ajiye wani ɗan faranti mai murfi a gabana.

"Isuhu, ka san amiba?"

"Wadda ke sa ciwon ciki, Malama?"

"Waccan dangi ce ta nesa. Tamu ba ruwanta da cikin mutum, a ƙasa take zaune, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye."

Ta ce halitta ce mai ƙwaya ɗaya tal, ido ba ya ganinta. Muddin akwai abinci, wato ƙananan ƙwayoyin bakteriya, kowace tana kiwonta ita kaɗai, ba ta san da 'yar uwarta ba. Ranar da abinci ya ƙare sai ɗaya ta saki wani sinadari, na kusa su ji su matso, su ma su saki nasu, har dubbai su taru su zama jiki guda kamar 'yar tsutsa, su ja ciki su nufi haske. In sun sami wuri sai su tsaya. Wasu su zama kara, sauran su hau kan karan su zama iri, su jira abin da zai kwashe su zuwa inda da abinci.

"Saboda wannan masana ke kiwonta a ko'ina," in ji ta. "Yadda take bin sinadarin nan haka ƙwayoyin jininka suke bin cuta su cinye. Kuma tambayar da ake yi game da ɗan tayi a ciki, yaya ƙwayoyi iri ɗaya suke rabuwa wannan ta zama ƙashi waccan ta zama fata, ga ta nan a faranti kana kallo, cikin kwana ɗaya. Ba ka yanka ɓera ba, ba ka taɓa mutum ba."

Matsalar ita ce wadda ake aiko mata daga Turai ba ta jure zafin Kano, da wuta ta ɗauke kwana biyu sai ta mutu. Tana son 'yar gida, wadda ta saba da zafinmu, kuma in da hali wadda ta rayu kusa da ruwan da kamfanoni ke zubarwa, don a gwada a kanta abin da ruwan ke yi wa ƙwayoyin jiki. Aikina ke nan gaba ɗaya: in samo ta a ƙasar Bompai, ko Sharada, ko Challawa, kafin damina ta ɗauke, lokacin da sashenmu zai zauna ya tantance ɗalibai. In na samo, ina da bincike. In ban samo ba, ba ni da kujera.

Sai ta miƙo mini takardar yadda ake haɗa abin da ake zuba ƙasar a kai. Na karanta sau biyu. Busasshiyar ciyawa cikin tafin hannu, a tafasa, a tace, a sa garin da ke daskarar da shi kamar kafaffen koko, a shafa 'yar bakteriya sama-sama. Shi ke nan.

Dole a nan in koma baya kaɗan. Ina ɗan shekara tara aka yi mana shekarar da gero bai yi ba. Mahaifiyarmu tana jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, in babu sai ta tafasa ganye ta ba mu ruwan mu sha. Har yau na san warin tafasasshen ganye a cikin da ba kowa. A shekarar ne wana Mamman, wanda ya fi ni kai nesa ba kusa ba, ya ajiye littattafansa ya bi motar Kano, ni kuwa aka bar ni a makaranta. Saboda haka da na tsaya a kan tukunyar ciyawar nan tana tafasa a ɗakin gwaji, warin ya buge ni, sai na ji ba zan iya ba. Na san karatun sarai, na san sai da yunwa suke taruwa. Amma na ce a raina, bari su fara ci su yi ƙiba su yi yawa, yunwar ta zo daga baya. Na sayo garin gulukos a kemis, na juye a wata kwalba marar suna, kullum in ɗiga ruwansa kaɗan a kan kowane faranti in ba kowa a kusa. Kwalbar ba ta kwana a ɗakin gwaji, tana cikin jakata duk inda na je.

Bompai na fara zuwa, don an ce ita ce tsohuwar unguwar kamfanoni, akwai manyan itatuwa a cikin harabobi. Akwai su kuwa, sai dai duk a bayan katanga. Na tsaya a ƙofar wani kamfani ina yi wa mai gadi bayani, yana kallona kamar mai sayar da maganin ƙarfi. Ina cikin haka wani mutum ya dafa kafaɗata, da shadda mai sheƙi da igiyar kati a wuya. Ya ce sunansa Ɗanliti, shi ke kula da baƙi.

"Haba ɗan'uwa, ai ba haka ake yi ba. Kai ba za su bar ka ka shiga ba, amma ni gidana ne. Kawo ledojin, kawo ɗan abin da zan ba yaran ciki, ka zauna a inuwa."

Na ba shi. Har godiya na yi masa da hannu biyu. Bayan kamar awa ɗaya ya dawo da ledoji shida cike taf, ya rubuta wa kowace lamba da kyakkyawan rubutu. Na kai wa Dakta Binta ina jin kaina. Ta buɗe ɗaya, ta murza tsakanin yatsu, ta shinshina.

"Yashin gini ne. Har da siminti a ciki." Ta goge hannu. "Isuhu, a garin nan ko ƙasa kake nema sai an sayar maka da jabu. Ka riƙa haƙa da hannunka."

Na koma Bompai sau huɗu ina haƙa da hannuna a wajen katanga. Ban sake ganin Ɗanliti ba, amma duk mai shadda da ya nufo ni sai in canja hanya.

A Sharada na koyi dabara. Na lura cewa mutumin da ya tsuguna a gindin katanga ya juya baya, ba mai tambayarsa abin da yake yi. Sai na riƙa tafiya da buta. In na ga wuri mai damshi da ganye sai in tsuguna kamar mai fitsari, in zaro cokali in cika leda da sauri, in zuba ruwan butar a ƙasa, in miƙe ina gyara wando. Mai neman digiri na biyu ke nan. Lambatun wurin kuwa kowane da launinsa, wannan shuɗi, wancan ja kamar an yanka rago, manyan motoci suna wucewa suna watso mini taɓo. Ba na gaisawa da kowa fiye da kalma biyu, don bakina na tona ni. Da na ce "lahiya lau" sai a ɗago a dube ni, a ce, "A'a, mutanen Nijar, yaya sojojinku?" Wasa suke yi, na sani. Ni dai sai in ɗauki butata in yi gaba.

Wata Juma'a na sami layin gida da ƙyar. Muryar mahaifiyata tana zuwa tana yankewa, ina jin kukan awakinmu a bayanta, har na gane muryar jar akuyar. Na tsaya a bakin titin Sharada da buta a hannu, hawaye na zuba.

"Kana ganin yayanka?" ta ce.

"Ina ganinsa, Inna."

Ƙarya na yi. Mamman yana aiki a wani kamfanin fata a Challawa, yana zaune a Panshekara, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga inda nake. A shekara guda sau biyu na je, duka da salla. Warin jima ya kama jikinsa da kayansa har sabulu ba ya fitarwa, kuma ni ina zaune da 'ya'yan masu hali da na gaya wa cewa wana ma'aikacin kamfani ne, na bar su suka ɗauka ofis gare shi. Duk abin da na ci a Kano daga hannunsa ya fito. Wannan ita ce kunyar da ta fi kowace a labarin nan.

Farantaina kuwa ba abin da suke haifarwa sai funfuna. Kwana biyu da zuba ƙasa sai su rufe da baƙin gashi da kore, wasu su yi yauƙi mai wari. Faranti arba'in, sittin, ban ƙirga ba daga baya. Sau biyu Dakta Binta ta tsaya a kaina ta ce, "Ka bi abin da na rubuta?" Sau biyu na ce, "Na bi, Malama." Ni a lokacin ban ma yarda laifina ba ne. Cewa nake ƙasar ce ta mutu da guba, har nakan ƙara gulukos ɗin don tausayi.

Ruwa ya fara ja baya. Wata Alhamis ta kira ni.

"Sashe zai zauna Litinin ta sama. Kwana goma sha ɗaya. In ba ko ɗaya, ba ni da abin da zan tsaya in kare ka da shi." Ta turo mini wata 'yar kula. A ciki akwai faranti goma da ta haɗa da hannunta, da ƙaramar kwalbar bakteriya, da gilashin ƙara girma. "Challawa ta rage. Ƙasar tana son a zuba ta a ranar da aka haƙo. Kana da inda za ka sauka a can?"

Na jawo kular na ce, "Ina da wa a Panshekara."

Mamman bai tambaye ni inda na shiga wata da watanni ba. Ya buɗe ƙofa ya ce, "A'a, Mushe ya zaka!" Haka yake kirana tun ina firamare, wato malamin makaranta. Ɗakin ciki ɗaya ne, da katifa, da randa a lungu kan jiƙaƙƙen yashi, da dogayen takalmansa na aiki, rambut, a rataye a ƙusa. Da ya miƙo mini hannu na ga tafin ya tsattsage, faratan sun yi wani launi kamar tsohon kwano. Ya kai ni wajen matar da yake cin abinci a wurinta a ƙofar kamfaninsu, Mama Saratu, mutuniyar kudancin Kaduna, mai jiki da murya. Ta zuba mini shinkafa da wake har ya yi tozo.

"Kai ne ɗan bokon da yake damun mu da labarinsa? Kullum ƙanena kaza, ƙanena kaza. Ci, yarona, ka ga wuyanka kamar na zakaran da ya sha ruwan sama."

Da na gaya wa Mamman abin da ya kawo ni, fuskarsa ta canja.

"Ko'ina ka so ka tona, amma ban da bayan kamfaninmu. Kwanan baya wasu sun zo da kwalabe sun ɗebi ruwan lambatu, aka ruhe mu sati da sati, mutane sun sha wuya. Yanzu duk wanda aka gani da kwalba nan wurin, maƙiyi ne. Ka ji mi na ce?"

Na ce na ji. Kwana uku na yi ina zagaya Challawa, ko'ina ƙasar ta daskare da baƙin mai ko ta zama fari fat da gishirin jima, ko tururuwa babu. Ban zuba ko faranti ɗaya ba, don goma kawai gare ni. Wuri ɗaya na gani da ya yi kama da abin da ke cikin littafi: wani ɗan kurmin mangwaro da ɗorawa, ganye ya ruɓe ya yi laushi, inuwa ba ta barin wurin. A bayan kamfaninsu Mamman yake, taku kaɗan daga lambatun.

Ranar Litinin da hantsi na je da butata. Na tsuguna, na ture ganyen. Ƙasar baƙa ce mai sanyi, tana ƙanshin gona. Na cika leda biyu. Na ajiye cokalin na sa hannu na damƙo ta uku ke nan sai na ji an shaƙe wuyan rigata ta baya.

"Me kake binnewa?"

Masu gadi biyu ne. Kafin in haɗa kalma an ja ni zuwa bakin ƙofa, lokacin kuwa an fito hutun cin abinci. Ban san inda mutane suka ɓullo ba. Aka zazzage jakata a ƙasa: ledoji masu lamba, cokali, littafin da na zana taswirar wurin da hannuna, da kwalbar farin gari marar suna. Da kwalbar ta gangara sai kowa ya ja baya, sa'an nan aka ɓarke da ihu.

"Bam ne!"

"Ba bam ba ne, asiri ne aka aiko shi ya binne!"

"'Yan ɗibar ruwan nan ne suka dawo, so suke a sake rufe mu!"

Na buɗe baki na ce, "Don Allah ku tsaya, mi na yi muku?" Wani ya ce, "Kun ji ko? Ɗan Nijar ne ma!" Mari ya sauka a kunnena na hagu, na daina ji da shi. Wani ya fizge katina. Ina ganin bakuna suna motsi, ina ganin wani dogo da ƙarfe a hannu yana turo mutane, kuma ta kunnen da ya rage na ji wata murya daga baya tana cewa a kawo taya. Na yi kalmar shahada, na tuna Inna za ta ji labarin nan ta waya mai yankewa, ba za ta ma ji shi gaba ɗaya ba.

Sai ga Mama Saratu ta keto taron da ludayi a hannu. Ta sunkuya ta ɗauki kwalbar, ta buɗe, ta tsoma yatsa ta kai baki. Mutane suka ƙara ja baya. Ta tsotsa, ta sake tsomawa.

"Gulukos ne," ta ce. "Irin wanda ake ba yara ranar gudu. Garba, zo ka lasa, kai da ka ce bam. Zo mana! Ƙattin banza, za ku kashe ɗan mutane a kan sukari, ku zo ku ci abincina da hannun?"

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Dogon bai ajiye ƙarfensa ba. Yana cewa, to taswirar fa, ledojin fa, wa ya san shi? A nan ne Mamman ya fito daga ciki, da rambut da rigar leda, hannunsa na ɗigar ruwan jima. Ya zo ya tsaya a gabana, bayansa na taɓa fuskata, warin nan da nake gudu ya rufe ni.

"Ni na san shi. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗan makaranta ne. A ɗakina yake kwana. Wanda zai taɓa shi ya fara da ni."

Shugaban ma'aikatansu yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu. Ya dubi Mamman ya daɗe, sa'an nan ya ce a watse, a riƙe jakar da duk abin da ke ciki. Mama Saratu ce ta ƙwato mini katina daga hannun mai gadi, ta cusa mini a aljihu, ta tsayar da adaidaita ta tura ni ciki.

Sai da na shiga ɗaki na sa sakata na ga hannuna na dama a dunƙule yake. Na kasa buɗe shi, sai da na sa na hagu na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ƙasar nan ce ta uku. Tun daga gindin mangwaro har mari har adaidaita, tsoro bai bar ni na sake ta ba.

Na tafasa ruwa a butar shayi na bar shi ya huce, na jiƙa ƙasar a kofi, na ɗiga a farantan Dakta Binta guda goma, na shafa bakteriyar. Sai hannuna ya tafi neman jaka, babu jaka. Na bincike ɗakin Mamman kaf ina neman sukari, ashe shi kokonsa gaya yake sha. Akwai shago a ƙofar gidan, taku goma. Wallahi na sa hannu a sakatar nan ya fi sau biyar, in na ji muryar namiji a waje sai in koma in zauna. Haka na jera farantan a bayan randa, kan yashi mai sanyi, na rufe da tsumma, ina ba su haƙuri a zuci.

Kwana huɗu ban fita ba sai ban ɗaki. Kunnena na ƙugi. Duk babur da ya tsaya a waje sai in ce su ne. Mamman yana fita da sassafe ya dawo da yamma da abinci a leda, bai taɓa ce mini ai na gaya maka ba. Ina duba farantan safe da yamma. Rana ta farko ba komai. Ta biyu ba komai, amma kuma ba funfuna, abin da ban taɓa gani ba. Ta uku na ga wasu 'yan wurare sun washe a cikin shafin bakteriyar, kamar an lashe.

Ranar Juma'a da safe na ɗauki faranti na bakwai na kai bakin taga, na ɗora gilashin. Sai na ga zare-zare sirara sun taho daga ko'ina sun haɗu a tsakiya, kamar hanyoyin shanu zuwa rijiya. A gefe ga wata 'yar tsutsa fara ta miƙe ta nufi taga. A bayanta kuma ga su nan tsaye, bakwai ko takwas, kowane siririn kara da ɗigon ruwa a kansa, ba su kai gashin ido ba. Na zauna a ƙasa don kada faranti ya faɗi daga hannuna.

Na kira Dakta Binta na kwatanta mata. Ta sa na maimaita. Sai ta ce, "Me ka ƙara a kai?"

"Ban ƙara komai ba, Malama."

"Karo na farko ke nan, ko?"

Na dubi farantin da ke hannuna.

"Isuhu, tururuwa ba sa bin ruwan ciyawa. Wata biyu suna layi zuwa teburinka. Na tambaye ka sau biyu." Ta numfasa. "Sukarin funfuna yake ciyarwa, ta rufe su kafin su ji yunwar da za ta tara su. Ka kawo mini su yau, kada rana ta taɓa su. Sauran maganar sai ka zo."

Ina ajiye wayar sai ga Mamman ya turo ƙofa, da hantsi, lokacin da bai taɓa dawowa ba. Kansa da girarsa fari da ƙurar siminti, silifa a ƙafarsa. Sai a lokacin na dubi ƙusar da ke bango, ba rambut. Sai a lokacin kuma na gane abin da ke damun hancina kwana uku: ɗakin ya daina warin jima.

"Yaya, ina takalmanka?"

"Sun amshe abinsu." Ya ɗebi ruwa a randa ya sha. "Tun ran Talata. Ina zuwa Sharada wurin masu sauke siminti, yau mota ba ta zo ba. Kai, bar wannan huskar. Mi ka samu kake riƙe da shi kamar jinjiri?"

Na miƙa masa gilashin. Ya goge hannunsa a wando sau biyu kafin ya karɓa. Ya sunkuya a bakin taga, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe.

"Ikon Allah. Kamar gero ya yi kai." Ya ƙara matsawa. "Waɗanga ɗigon na sama su ne mi?"

"Su ne irin. Su za su tashi su je wani wuri su rayu."

"Karan hwa?"

"Shi ma su ne. 'Yan uwansu ne suka zama karan."

"In an kwashe irin sai su sauko?"

"A'a. Sun mutu ke nan. A wurin zama karan suke mutuwa."

Ya sake kai ido kan gilashin. "To wa ke zaɓen wanda za shi zama kara?"

Na san amsar, tana cikin kowane littafi. Na so in ce ban sani ba.

"Waɗanda ke gaba a tafiyar," na ce.

Mamman ya ɗago ya dube ni da ido ɗaya, ɗayan har yanzu a rufe. Sai ya yi 'yar dariya ta hanci, ya mayar da murfin a hankali da yatsunsa masu tsaga, ya sa farantin cikin kula, ya jiƙa tsumma a randa ya lulluɓe.

"Tashi, Mushe. Rana na yi."

Ya raka ni har bakin titi, shi a gaba ni a baya, don ya san ba zan iya fita ni kaɗai ba. Ya tsayar da adaidaita, ya jira na zauna, ya ɗora mini kular a cinya, ya kama hannuwana biyu ya ɗora a kanta.

"Ka riƙe da kyau," ya ce. "Kada ka zubar da na saman."